Filayen atisayen besbol a Florida da Arizona

Filayen atisayen share fage ƙananan filaye ne da ƙungiyoyi 30 na babbar gasar besbol ta MLB suke tarewa a cikinsu daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, lokacin da hunturu bai gama sakin biranen arewacin Amurka ba. Ƙungiyoyi 15 na sauka a jihar Florida, inda ake kiran wasanninsu Grapefruit League, sauran 15 kuma a kewayen birnin Phoenix na jihar Arizona, a Cactus League. Mafi girma a cikinsu, Sloan Park na Chicago Cubs da aka buɗe a Mesa a 2014, yana ɗaukar mutum kusan 15,000.

Ƙanƙantar nan ita ce daɗinsu. A filaye da yawa akwai tudun ciyawa a bayan katanga, inda iyalai ke shimfiɗa bargo su kalli wasa a kishingiɗe, yara kuma suna miƙa wa 'yan wasa ƙwallo ta kan shinge don su sa musu hannu. Wasu ƙungiyoyin sun kwaikwayi filayensu na gida: JetBlue Park a Fort Myers, na 2012, an auna shi daidai da Fenway Park na Boston, har da doguwar koriyar katangar nan ta hagu, don ɗan wasa ya saba da yadda ƙwallo ke dawowa daga jikinta.

Da an tashi atisaye, makomar filin ta danganta da jihar da yake. A Florida ƙungiyoyin rainon matasa na gasar Florida State League ne ke gadon yawancin filayen daga Afrilu zuwa Satumba. Lakeland Flying Tigers na wasa a filin Joker Marchant, a garin da Detroit Tigers suka fara atisaye tun 1934. Bradenton Marauders kuma suna LECOM Park, wanda aka gina a 1923. Filin Roger Dean da ke Jupiter ya fi kowa shan aiki, don Cardinals da Marlins ne ke raba shi a Maris, sannan ƙananan ƙungiyoyinsu su ci gaba da raba shi har ƙarshen kakar wasa. A Arizona zafi ba ya bari a yi haka. Sai gasar sabbin shiga, da Arizona Fall League a Oktoba da Nuwamba.

Galibin filayen mallakar ƙananan hukumomi ne, an gina su da kuɗin jama'a, musamman harajin otal-otal. Ana yawan gardama kan ko baƙin makonni shida suna mayar da abin da aka kashe, kuma gardamar tana da tushe, domin ƙungiya na iya tattara nata ya nata in wani gari ya yi mata tayi mai tsoka. Haka Dodgers suka bar Vero Beach a 2008, bayan zama tun 1948, suka koma filin Camelback Ranch a Arizona. Wani lokaci kuma ƙaramin fili kan fitar da babbar ƙungiya kunya: da guguwar Milton ta yaye rufin Tropicana Field, filin gida na Tampa Bay Rays, a Oktoban 2024, sun buga kakar 2025 a Steinbrenner Field na Yankees, mai kujeru kimanin 11,000.

Tarihin wariyar launin fata ma ya ratsa ta waɗannan filaye. A 1946 garuruwan Sanford da Jacksonville sun hana Jackie Robinson, ɗan wasa baƙar fata, wasa tare da fararen fata. Daytona Beach ta yarda, ya buga wa Montreal Royals a can ranar 17 ga Maris, shekara guda kafin ya shiga babbar gasa. Filin yana ɗauke da sunansa a yau, kuma Daytona Tortugas ke wasa a ciki.