Me ake nufi da sabar lokaci ta "hawa na ɗaya"?

Kowace kwamfuta tana da agogo a cikinta, amma agogon nan ba abin dogaro ba ne. Wani ɗan ƙaramin dutse ne ke kaɗawa yana ƙirga daƙiƙu, kuma zafi da sanyi na sauya saurinsa. Kwamfutar da ta kwana cikin sanyin hunturun Jos da wadda ta wuni cikin zafin Abuja na watan Maris ba za su daɗe bakinsu ɗaya ba. A rana guda tana iya zamewa da daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kamar ba komai, sai ka tuna cewa lambar sirrin da wasu manhajoji ke bayarwa tana sauyawa duk bayan daƙiƙa 30. Agogo ya karkace, lamba ta ƙi shiga.

Maganin wannan shi ne NTP, tsarin da kwamfutoci ke tambayar juna "ƙarfe nawa?" ta intanet. Marigayi David Mills, wanda ya kasance malami a Jami'ar Delaware ta Amurka, shi ya tsara shi a shekarun 1980, kuma har yau da shi duniya ke aiki.

To, a wannan tsari akwai ganau, akwai jiyau. Masu harkar suna kiran abin sitiratum, mu ce hawa. Hawa na sifili shi ne tushen kansa, wato agogon atam ko na'urar da ke karɓar saƙon GPS. Sabar (wato kwamfutar da ke raba wa sauran lokaci) da aka jona kai tsaye da wannan tushe ita ce hawa na ɗaya, ita ce ganau. Wadda ta ji daga gare ta hawa na biyu ce, haka har zuwa 15. In ka ga 16, to kwamfutar ba ta daidaita da kowa ba ke nan. Lambar tana faɗin bakuna nawa labarin ya ratsa ne kawai. Sabar hawa na biyu da ke kusa da kai tana iya fin ta hawa na ɗaya da ke Turai amfani, don saƙo na ɓata lokaci a hanya.

Mutane sun san GPS da nuna hanya, alhali ta hanyar faɗin lokaci yake yin wannan aiki. Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi kimanin kilomita 20,200 sama da mu, kowanne ɗauke da agogon atam, yana ta shelar lokacinsa. Daga saƙon aƙalla huɗu na'ura ke lissafa inda take da kuma ainihin lokaci.

Haɗa sabar hawa na ɗaya ba ta bukatar tsabar kuɗi masu yawa. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, da ɗan allon GPS, da eriya, da manhajoji biyu, gpsd da chrony, sun wadatar. Inda na ga ana yawan tuntuɓe shi ne wajen sayen allon: dole ya kasance mai fitar da PPS, wato bugu ɗaya a farkon kowace daƙiƙa. Saƙon rubutu da allon ke turowa yana faɗin wace daƙiƙa ce, amma yana zuwa a makare. Bugun ne ke nuna daidai inda ta fara. Ba bugun, wahalar banza aka sha.

Sai eriya. Tana son ganin sararin sama ƙuru-ƙuru, rufin kwano kuwa toshe saƙon yake yi, don haka a fitar da ita waje. A kuma tanadi batir ko sola saboda ɗauke wuta.

Kada ka firgita in ka ga sabar tana baya da awa ɗaya. Lokacin duniya na UTC take rabawa, Najeriya kuma tana gabansa da awa guda, kowace kwamfuta ita ke ƙara wa kanta. Shi ma lokacin GPS yana gaban UTC da daƙiƙa 18 tun farkon 2017, amma na'urar ce ke cire wannan da kanta.