Shekara 18 ko 21: me dokar barasa take karewa?

Duk lokacin da aka tayar da muhawarar shekarun da doka ta yarda a sayar wa mutum barasa, hujjar da ake fara kawowa ita ce: wanda ya isa jefa ƙuri'a da shiga soja, ai ya isa ya zaɓi abin da zai sha. Mu ma'aikatan lafiya abin da muke dubawa shi ne jiki. Gaban ƙwaƙwalwa, wato ɓangaren da ke auna haɗari da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Matashi kuma ba ya saurin jin barci da kasalar da barasa ke sa babba, don haka yakan sha da yawa kafin jikinsa ya ja masa kunne. Wanda ya fara sha da ƙuruciya ya fi shiga haɗarin kamuwa da jarabarta idan ya girma.

Ƙasashe sun sha bamban. A Jamus ana sayar wa ɗan shekara 16 giya marar ƙarfi, mai ƙarfi kuwa sai 18. Ingila 18, Japan 20, Kuwait ta haramta ta ɗungurungum. Amurka ce ta gwada duka biyun, 18 da 21. Bayan 1971 jihohi da dama sun sauke shekarun zuwa 18, haɗarin mota a tsakanin matasa ya ƙaru, sai a 1984 gwamnatin tarayya ta yi dokar rage kuɗin gina hanyoyi ga duk jihar da ba ta mayar da shi 21 ba. Mace-macen matasa a kan titi sun ragu. New Zealand ta sauko daga 20 zuwa 18 a 1999, kuma abin da ya fi damun masu bincike shi ne matsalar ta gangaro har kan 'yan shekara 15 zuwa 17, domin yanzu mai saya musu abokinsu ne na makaranta.

Sai dai lamba a takarda ba ta hana komai idan mai shago ba ya neman katin shaida. Inda dokar ke aiki, ana ƙwace lasisin wanda ya sayar wa yaro, ana hukunta babban da ya sayo ya miƙa masa, ana kuma hana direba sabon hannu tuƙi da barasa a jini: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada barasar da ke jininsa ta wuce kashi 0.02 cikin ɗari, sauran direbobi kuwa 0.05. Farashi ma yana tasiri ƙwarai, tunda matashi da aljihunsa yake sha. Shi ya sa Scotland ta ƙayyade mafi ƙarancin farashi a 2018.

Masu adawa da tsaurara dokar suna da gaskiya a abu guda: tsanani yana kora wasu ɓoye, inda ake sha da gaggawa, ko a sayi haɗin da ba a san tushensa ba. Irin wannan haɗin wani lokaci yana ɗauke da sinadarin metanol, mai makantarwa da kisa. Alamarsa ba ta fitowa nan take. Bayan sa'o'i ne ciwon kai, amai da dishi-dishin gani ke tasowa.

Tsoron hukunci kada ya hana kai yaro asibiti. Idan ya bugu har ba ya farkawa, numfashinsa ya ragu ko jikinsa ya yi sanyi, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, kada a bar shi shi kaɗai. Kofi ko watsa ruwan sanyi ba sa fitar da barasa daga jini. Hanta ce kaɗai ke yi, kusan giram 10 a sa'a, kuma barasar da ke cikin tumbinsa tana ci gaba da shiga jini ko da ya daina sha.