Mece ce Vogalonga, kuma yaya ƙungiyar matuƙa ke shirya mata?

Vogalonga sunan wani gangamin tuƙin kwale-kwale ne da ake yi sau ɗaya a shekara a birnin Venis na ƙasar Italiya. A bakin mutanen garin, "voga" tuƙi ne da filafili, "longa" kuma abu mai tsawo, wato dai dogon tuƙi. Hanyar ta kai kusan kilomita 30, kuma babban sharaɗinta guda ne: duk jirgin da zai shiga, da ƙarfin damtse za a tuƙa shi, babu inji. Ana yin ta ne ranar Lahadin Fentikos ta Kiristoci, wadda ke faɗowa a watan Mayu ko Yuni, kuma a shekarun nan jirage wajen 2,000 ne ke fitowa, ɗauke da mutane kusan 8,000 daga ƙasashe daban-daban.

Wanda ya ji wannan adadi zai ɗauka gasa ce. Ba gasa ba ce. Babu na ɗaya, babu kofi, duk wanda ya kai ƙarshe ana miƙa masa takardar shaida da 'yar lambar tunawa. Inda mu muka saba ganin kwale-kwale a biki, kamar Rigata ta Yawuri ko wasannin ruwa na bikin kamun kifin Argungu, ido yana kan wanda ya riga kowa. Venis ma tana da irin wannan tsere nata, wanda take yi a farkon Satumba. Vogalonga kuwa daga ƙorafi ta samo asali.

Birnin Venis a cikin ruwa yake zaune, a kan ƙananan tsibirai sama da 100 da ke tsakiyar wani tafkin ruwan gishiri mai faɗin kusan murabba'in kilomita 550. Titunansa ruwa ne, gadoji kusan 400 ne ke haɗa unguwanninsa. Magabatan garin sun kakkafa dogayen itatuwa cikin laka, suka shimfiɗa farin dutse a kansu, sannan suka ɗora tubali. Wannan gini ya yi ɗaruruwan shekaru lafiya lau, domin jirgin filafili ba ya tayar da ruwa. Da jirage masu inji suka cika gari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai lamari ya sauya. Kowane jirgi in ya wuce yana barin igiyar ruwa a bayansa, ta je ta daki bango, ta dawo, ta sake duka, dare da rana. A hankali take zaƙule abin da ke riƙe da tubali, tana cin gindin gidaje, tana kuma zaizaye filayen ciyawar gishiri da ke cikin tafkin, inda tsuntsaye da kifi ke hayayyafa. Mutanen Venis suna kiran wannan annoba "moto ondoso", kuma har gobe tana cikin abubuwan da suka fi tayar musu da hankali.

A watan Nuwamban 1974 wasu abokai masu son tuƙin gargajiya suka yi ɗan tsere a tsakaninsu, daga nan shawara ta fito cewa a kira duk mai filafili ya fito rana guda a nuna wa hukuma da jama'a abin da inji ke yi wa gari. Cikin jagororin akwai Toni Rosa Salva, ɗan wani sanannen gida a Venis. An yi ta farko ranar 8 ga Mayu, 1975, jirage kusan 500 suka amsa kira. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya: tuƙin gargajiya da ya kama hanyar mutuwa ya farfaɗo, ƙungiyoyin matuƙa suka yi ta buɗewa a unguwanni da tsibirai, masassaƙan jirgi da na filafili suka sake samun ciniki.

Tuƙin nan nasu ya cancanci a tsaya a kansa. Bature ɗan Ingila a zaune yake tuƙi, ya juya wa inda za shi baya. Mutumin Venis a tsaye yake, fuskarsa na kallon gaba, yana tura filafili da nauyin jikinsa duka. Dalilin a fili yake: ruwan tafkin ba shi da zurfi, a wurare da yawa bai wuce mita guda ba, dole matuƙi ya riƙa ganin inda laka ta taso. Filafilin yana hawa kan wani lanƙwasasshen itace da ake kafawa a gefen jirgi, sunansa "forcola", mai gwiwa da lunguna. Matuƙi yakan sauya wa filafili mazauni a jikinsa gwargwadon abin da yake so: ya yi gaba, ya rage gudu, ya juya, ko ya tsaya cak. Ba a ɗaure filafilin da komai, hannu ne kawai ke riƙe da shi a gurbinsa.

Da ƙarfe 9 na safe ake harba igwa a gaban dandalin San Marco. Kafin nan matuƙa kan ɗaga filafilansu tsaye sama, gaisuwa ce ta girmamawa. Daga nan ayari ya zagaya Sant'Elena, ya bi gefen Vignole da Sant'Erasmo, tsibirin da ke noma wa birnin kayan lambu, ya wuce San Francesco del Deserto har Burano mai gidaje kala-kala. Nan ne kusan rabin tafiya. A dawowa ana ratsa Mazzorbo da Murano, garin masu hura gilashi, sai a shigo birni ta mashigin Cannaregio, a faɗa babban titin ruwa na tsakiyar gari, a bi ta ƙarƙashin gadar Rialto, a ƙare a Punta della Dogana.

To, ƙungiyar da za ta taso daga wata ƙasa domin wannan rana, me ke gabanta?

Jirgi ne farkon magana, kuma shi ya fi ba da wahala. Ƙungiyoyin Jamus, Faransa, Ostiriya da maƙwabtansu sukan ɗora nasu a tirela su ja har bakin tafkin, su sauke a wajajen San Giuliano da ke Mestre, garin da ke kan tudu daura da Venis, ko a tsibirin Tronchetto da ke bakin birnin. Wanda ya fito daga nesa, ta jirgin sama, ba shi da wannan gata, sai dai ya nemi haya ko aro a Italiya. Venis na da tsofaffin ƙungiyoyin tuƙi irin su Bucintoro, wadda aka kafa a 1882, da Querini ta 1901, amma jiragen gari ba su kai yawan masu nema ba. Shi ya sa mai hankali ke fara aika wasiƙa tun watanni da dama kafin lokaci, kuma ba ya karɓar kuɗin tikitin kowa sai ya tabbatar da jirgi da wurin sauke shi a ruwa. A tambaya dalla-dalla: mutum nawa yake ɗauka, da filafilai ake bayarwa ko kowa ya zo da nasa, wa zai biya in an fasa shi.

Irin jirgin ma abin dubawa ne. Siririn jirgin tsere da aka saba da shi a kogi mai kwanciya bai dace da wannan tafki ba. In iska ta taso, ruwa kan yi tsalle ya cika shi. A 2009 iska mai ƙarfi ta kifar da jirage da dama, aka yi ta tsamo mutane. Gara jirgi mai faɗin ciki da tsayin gefe, a rufe gabansa da bayansa da leda mai kauri, a ajiye abin kwarfe ruwa kusa da ƙafar mutum biyu, kowa kuma da rigar ceto. Wanda bai iya iyo ba kada a sa shi, ko da shi ne ya fi kowa ba da gudummawa.

Sai zaɓen mutane, kuma a nan shugabanni suka fi yin kuskure. Sukan tara ƙarfafan samari a jirgi ɗaya, su bar dattawa da sababbin shiga a wani, sai na farko ya iso tun da wuri, na biyu kuwa rana ta yi masa dukan kawo wuƙa a tsakiyar tafki. Tunda ba tsere ake ba, a raba ƙarfi daidai. Kilomita 30 kan ci sa'o'i 4 zuwa 5, wani lokaci fiye, don haka atisayen gida ya zama na juriya: a riƙa zama a jirgi sa'o'i 3 a jere, a saba da sauya wuri a kan ruwa, tafin hannu ya yi kanta tun kafin a tafi.

A ganina, mutumin da ya fi kowa muhimmanci a jirgin shi ne mai riƙe da akala a baya. Cikin tafki zai bi "bricole", wato gungumen itatuwan da aka ɗaure uku-uku aka kafa domin nuna inda ruwa ke da zurfi. Ya kauce musu, jirgi ya kafe a laka. Babbar jarabawarsa kuwa tana mashigin Cannaregio, wajen gadar Tre Archi mai baka uku. Nan ɗaruruwan jirage ke tururuwa a ƙofa ɗaya, kamar fitowa daga filin Idi: dogon jirgin 'yan Sin mai kan dodo, ƙananan kwale-kwalen mutum ɗaya, gondola (jirgin gargajiya na Venis) mai tsawon mita 11, filafili na karo da filafili, kowa na ihu da yarensa. Ana iya shafe fiye da sa'a guda a tsaye. Mai akala yana buƙatar murya, sanyin zuciya, da kalmomin umarni uku ko huɗu da kowa a jirgin ya haddace. Da an wuce gadar, jama'ar unguwa na nan cike da gaɓa biyu suna tafi, wasu na kaɗa murafan tukwane daga tagogi.

Sauran hidimar ta takarda ce da aljihu. Kowane matuƙi sai an yi masa rajista da sunansa an biya, jirgi kuma a karɓo masa lamba kafin ranar. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Gana yana buƙatar bizar Shengen, wato ta shiga Italiya da wasu ƙasashen Turai, kuma takardar rajista da ta masauki suna taimaka wa buƙatarsa, don haka su ma a same su da wuri. Masauki a cikin Venis yana da tsada a wannan mako, ƙungiyoyi da yawa a Mestre suke kwana. A tuna kuma cewa a safiyar ranar ana dakatar da jiragen haya masu inji a hanyar ayarin, saboda haka wanda zai je tarbar 'yan'uwansa a wurin ƙarewa ya fita da wuri ko ya shirya takawa da ƙafa. A lissafa har da komawa: daga Punta della Dogana zuwa inda aka sauke jirgi akwai ƙarin kilomita da dama, kuma a lokacin an sake buɗe wa masu inji hanya.