Haruffa marasa ƙafa na manyan kanu: tambayoyi da amsoshi

Wane irin rubutu ne wannan?

Ka dubi harafin T ko H a yawancin littattafan da aka buga, za ka ga 'yan guntayen layuka a ƙarshen kowace sanda, kamar ƙafafun da harafin ke tsaye a kansu. Salon da aka cire masa waɗannan ƙafafu shi ne masu sana'ar zanen haruffa ke kira sans serif. A cikinsa akwai wanda aka zana domin dogon karatu, akwai kuma na kanu, wanda aka yi shi don a gan shi da girma: kanun jarida, allon talla, bangon littafi, tambarin kamfani.

Sabon abu ne?

A'a. William Caslon na huɗu ya fitar da irinsa a Ingila tun 1816, da manyan baƙaƙe kaɗai, kuma masu tallace-tallace ne suka fara rungumarsa. Daga baya aka samu Futura na Paul Renner a Jamus a 1927, sai Helvetica da Max Miedinger ya zana a Suwizalan a 1957. Na zamanin nan jikokinsu ne. Gotham, wanda Tobias Frere-Jones ya zana a 2000, ya yi suna ne bayan Barack Obama ya yi yaƙin neman zaɓe da shi a 2008.

Tunda babu ado a jikinsa, ai zana shi ba wuya?

Nan mutane da yawa suke yin kuskure. Rashin adon ne ma ya sa aikin ya fi wuya, domin babu inda aibi zai ɓuya. Ido ba ya gani yadda ma'auni yake aunawa, mai zane kuwa ido yake yi wa aiki.

Ɗauki H da O ka jera su. Idan tsayinsu ɗaya ne cif, O zai yi kama da ya gaza, saboda haka ake barin sa ya ɗan zarce layi ta sama da ta ƙasa. Haka tsinin A yake ɗan wuce sauran a salo irin Futura. Sandar da ke kwance a tsakiyar H kuwa, in aka ba ta kauri ɗaya da na tsaye, sai ta fi su kauri a ido, dole a rage ta kaɗan. Inda cikin b ko d ya haɗu da sandarsa ma ana sirantar da shi, in ba haka ba wurin ya cunkushe ya yi baƙi. Sannan ga tazara: A da V idan suka yi maƙwabtaka sukan bar rami a tsakani, sai an matso da su da gangan. A ƙaramin rubutu ba kowa zai lura ba, amma a allon da harafi ɗaya ya kai tsayin mutum, wannan ramin shi ne abin da ido zai fara faɗawa. Ni a ganina, a nan ake gane gwanin mai zane.

Me ya raba na kanu da na dogon karatu?

Na kanu haruffansa a matse suke, kaurinsu yakan kai maƙura ko sirantarsu ta yi yawa, kuma cikin e da a yakan tsuke. Na karatu yana da sarari, don ido ya rarrabe haruffa ko sun yi ƙanana. Kamfanin Apple ya raba salonsa San Francisco gida biyu saboda wannan: ɗaya na rubutun da bai kai maki 20 ba (maki shi ne ma'aunin girman harafi), ɗaya na maki 20 zuwa sama. Tun 2016 kuma akwai fasahar da ke sa fayil ɗaya ya ƙunshi kauri da faɗi iri-iri, mai aiki ya zaɓi daidai wanda yake so.

To, in na rubuta dogon bayani da shi fa?

Kada ka yi. Mai karatu zai gaji tun bai kai rabi ba, kuma a salo da dama babban I da ƙaramin l kusan ba a bambanta su. Ka bar masa kalmomi kaɗan masu girma, ka nemo wa sauran bayanin salon karatu.

Me zan duba kafin in zaɓa?

Rubuta ainihin kalmomin da za ka yi amfani da su, a girman da za a gan su, ka ja da baya ka duba. Tabbatar yana da lambobi da duk baƙaƙen harshen da kake rubutawa, domin salon kanu da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon, kalmar ta fito a karkace. Sannan ka karanta lasisinsa: wani kyauta ne ga aikin kanka kawai, in na kasuwanci ne sai ka biya, kuma izinin bugawa a takarda ba lalle ne ya haɗa da na shafin intanet ko manhaja ba.