Kusoge: wasannin bidiyon da aka kushe da masu ƙaunarsu

Kusoge kalma ce ta Japananci da ake kiran wasan bidiyo marar kyau da ita, irin wanda masu sharhi suka yi wa kaca-kaca, waɗanda suka saya kuma suka yi da-na-sanin kuɗinsu. An haɗa ta daga kalmomi biyu: kuso, wato kashi, da gemu, yadda Japanawa ke furta kalmar Ingilishi mai nufin wasa. Kamar da take yi da "kushe" na Hausa dace ne kawai. Asalinta zagi ce, amma da tafiya ta yi tafiya sai ta zama har da sunan wata al'ada ta mutanen da ke neman irin waɗannan wasanni da gangan, suna tara su, suna buga su har ƙarshe, wani lokaci ma suna kare su a gaban masu kushewa. Akwai wannan al'ada a Amurka da Turai, sai dai a Japan ne ta samu suna nata na kanta.

Asalin kalmar

Ana yawan danganta kalmar ga Jun Miura, mai zane kuma marubuci, dangane da wasan Ikki da kamfanin Sunsoft ya fitar a na'urar Famicom ta Nintendo a 1985. Ikki na nufin tawayen manoma, amma a wasan manomi ɗaya ne, ko biyu in mutum biyu ne ke bugawa, ke ɗaukar lauje ya tunkari masu mulki. Tawayen da ba shi da jama'a shi ne abin da ya jawo wa wasan ba'a. A waɗannan shekaru kaset ɗin wasa yana da tsada ga yaro, kuma babu hanyar gwada shi kafin a saya in ban da hoton bayan kwali da abin da mujallu suka rubuta. Yaron da ya yi rashin sa'a sai ya haƙura da abin da ya samu, ya yi ta bugawa wata da watanni. Da yawa daga cikin masu son kusoge na farko daga nan suka fito.

Waɗanda suka kafa sunan a Japan

Wasan da aka fi ambata shi ne Takeshi no Chosenjo, wanda kamfanin Taito ya fitar a Disamba 1986 tare da ɗan wasan barkwanci Beat Takeshi. Ɗan wasa yana riƙe da wani ma'aikacin ofis mai neman taska a wani tsibiri, amma kafin ya kai gare ta dole ya ajiye aikinsa, ya saki matarsa, ya rera waƙa da bakinsa cikin makirfon da ke jikin abin sarrafa wasa na biyu. A wani wuri, ɗaya daga cikin hanyoyin bayyanar da rubutun taswirar taskar ita ce a bar na'urar a kunne na awa guda ba tare da an taɓa komai ba. Babu inda wasan ya bayyana waɗannan sharuɗɗa. Wanda ya jure har ƙarshe, ya kuma ɗan dakata, sai wasan ya tambaye shi dalilin da ya sa ya ɗauki irin wannan abu da muhimmanci. Duk da haka an sayar da kwafi dubu ɗaruruwa, kuma da aka fara shirin talabijin na GameCenter CX a 2003, inda Shinya Arino ke zama yana fama da tsoffin wasanni masu wuya, da wannan wasan aka buɗe.

Spelunker, wanda Tim Martin ya ƙirƙira a Amurka a 1983, Irem kuma ya kai shi Famicom a 1985, ya yi suna ne saboda raunin gwarzonsa, mai shiga kogo da ke mutuwa in ya faɗo daga tudun da bai kai tsayinsa ba. Sunan ya shiga bakin mutane har ana kiran ɗan wasan motsa jiki mai yawan jin rauni da shi. Sai Death Crimson na kamfanin Ecole, wasan harbi da ya fito a Sega Saturn a 1996, wanda masoyansa ke yi wa kirari da sarkin kusoge saboda zanensa, muryoyinsa da saitin bindigarsa da ba ya zuwa daidai. Wannan mummunan suna bai hana shi samun kashi na biyu a Dreamcast ba, hasali ma shi ya raya shi.

E.T. da ramin Alamogordo

A Amurka labarin da ya fi shahara shi ne na E.T., wasan da Atari ya yi a 1982 a kan fim ɗin Steven Spielberg. An kammala cinikin izini a makare, kamfanin kuma yana so wasan ya riski kasuwar Kirsimeti, don haka Howard Scott Warshaw, wanda ya riga ya yi Yars' Revenge da aka yaba, bai samu ko mako shida cikakku ba ya gama shi. Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne ramukan da ɗan wasa ke ta faɗawa, da wahalar fita daga cikinsu. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, amma an buga fiye da haka nesa ba kusa ba, masu saye kuma suka yi ta mayarwa. A Satumba 1983 Atari ya binne kaya masu yawa a wata bola a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Shekaru talatin wasu na cewa almara ce, har ranar 26 ga Afrilu 2014 da aka tona wurin a gaban 'yan kallo, aka fito da kaset kusan 1,300, E.T. da wasu wasannin da dama. An yi gwanjon wasu, ɗaya kuma ya tafi gidan tarihi na Smithsonian.

Ana yawan cewa E.T. ne ya durƙusar da kasuwar wasannin bidiyo ta Amurka a 1983, wanda zuzutawa ce, domin kasuwar ta riga ta cika da kaya marasa inganci daga kamfanoni barkatai. Masu kare wasan suna cewa yawancin masu zaginsa ba su karanta littafin bayanin da ke cikin kwalin ba, kuma tsarinsa na yawo a fili ana neman sassan wayar tarhon da E.T. zai kira gida da ita ya zo kafin lokacinsa. Wasu masoya sun ma gyara lambobin wasan da kansu don rage faɗawa rami.

So na dariya

Kashi mafi girma na masu son kusoge dariya suke nema. Misalin da babu gardama a kansa shi ne Big Rigs: Over the Road Racing, wasan tseren manyan motoci da Stellar Stone ya yi wa kwamfuta a 2003. A fitowarsa ta farko motar abokin tsere ba ta ko motsawa daga layin farawa. Motar ɗan wasa tana ratsa gine-gine kamar iska, tana hawan dutse a tsaye, in aka yi baya da ita kuma gudunta ba shi da iyaka. Wanda ya isa ƙarshe sai a nuna masa kofi da rubutun taya murna mai kuskuren nahawu. A Metacritic, shafin intanet da ke tattara makin masu sharhi, ya taɓa samun matsakaicin maki 8 cikin 100. Babu wanda ke buga shi don tsere, ana buga shi ne don a ga iya inda zai lalace.

Superman na Nintendo 64, wanda Titus ya fitar a 1999, an san shi da tilasta wa ɗan wasa ratsa zobba a sama cikin koren hazo. Wasannin Zelda biyu da aka yi wa na'urar CD-i ta Philips a 1993 sun shahara da zanen katun mai ban tsoro da ban dariya lokaci guda, wanda masu yanka bidiyo a YouTube suka yi ta wasa da shi shekaru da yawa. Amma a nan ma dariyar ta rikiɗe: a 2024 an fitar da Arzette: The Jewel of Faramore, sabon wasa da ya kwaikwayi salon waɗannan biyun da gangan, har da ɗauko wasu daga cikin waɗanda suka yi aikin na asali. Mutum ba ya shafe shekaru yana kwaikwayon abin da yake raina kawai.

So na gaskiya

Kashi na biyu ya fi ban sha'awa, domin su ba dariya suke yi ba, suna ganin masu sharhi ne suka yi kuskure. Deadly Premonition, wanda Hidetaka Suehiro, da aka fi sani da Swery, ya jagoranta a kamfanin Access Games, ya fito a Xbox 360 a 2010 da araha. A cikin shafukan sharhin wasanni, IGN ta ba shi 2 cikin 10, Destructoid kuma ta ba shi 10 cikin 10, har kundin Guinness ya rubuta shi a matsayin wasan tsoro da ya fi raba kan masu sharhi. Duka ɓangarorin biyu wasa ɗaya suka buga, kuma ba su saɓa a kan aibinsa ba: zanen ya tsufa, harbin ba daɗi, tuƙin mota wahala, kiɗan yakan shigo inda bai dace ba. Inda suka rabu shi ne nauyin da suka ba sauran abubuwan. Ɗan wasa yana riƙe da Francis York Morgan, jami'in FBI da ke binciken kisa a ƙaramin garin Greenvale, mai hira da wani aboki da ba a gani mai suna Zach, mai duba makomarsa a kofin kofi. Gemunsa yana tsirowa in ba a aske ba, ƙudaje suna bin sa in bai canza kaya ba, mai yana ƙarewa a mota, mutanen garin kuma kowa da lokacin fitarsa da komawarsa gida. Wanda ya haƙura da sa'o'in farko sai ya tarar da gari mai rai da labari mai taɓa zuciya. Masoyansa ne suka sa aka sake fitar da shi a wasu na'urori, aka kuma yi kashi na biyu a 2020.

God Hand na Shinji Mikami, wanda Clover Studio ya yi wa PlayStation 2 a 2006, ya samu 3 cikin 10 daga IGN, daga baya kuma ita IGN ɗin ta saka shi cikin jerin wasanni 100 mafi kyau na na'urar. Tsarin dambensa yana da zurfi, amma sai wanda ya zauna ya koya ke gane haka. Nier na Yoko Taro, na 2010, bai sha zagi irin na waɗannan ba, an dai ɗauke shi tsaka-tsaki, kasuwarsa ba ta yi armashi ba. Waɗanda suka so shi saboda labarinsa da kiɗansa ba su daina maganarsa ba har Nier: Automata ya fito a 2017 ya yi babbar kasuwa, aka dawo aka sabunta na farkon a 2021.

Abin da maki ke aunawa

Mai sharhi yakan samu wasa kwanaki kaɗan kafin fitowarsa, ya buga da gaggawa, ya ba da lamba ɗaya. A mujallar Famitsu mutum huɗu ne ke ba da maki goma-goma, jimla 40. Metacritic, da aka buɗe a 2001, yana tattara irin waɗannan lambobi ya fitar da matsakaici. Lambar tana da nauyi a harkar kuɗi: Chris Avellone, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin wasan, ya bayyana cewa kamfanin Obsidian ya rasa ƙarin ladan Fallout: New Vegas saboda wasan ya samu 84 maimakon 85. Irin wannan awo ya fi kama abin da ido ke gani nan take, wato kyawun zane, santsin sarrafawa da rashin tangarɗa. Bai cika kama baƙon tunani, ko abin da sai an yi sa'o'i ashirin yake bayyana ba. Matsakaici kuma yana ɓoye saɓani, domin wasan da rabi suka ba 2 rabi suka ba 10 zai fito da maki ɗaya da wanda kowa ya ba 6, alhali ba su da kama ko kaɗan.

Akwai kuma abin da masoya kusoge ke yawan faɗa, cewa a wasan da ya lalace ana ganin hannun wanda ya yi shi. Manyan wasannin da ɗaruruwan ma'aikata suka goge sukan fito sumul, kusan duk kamarsu ɗaya, shi kuwa ƙaramin kamfani mai dogon buri da gajeren aljihu yakan bar alamun abin da ya so ya yi bai samu dama ba. Wannan hujja tana da iyaka. Yawancin wasannin da aka kushe ba su da wani sirri a ɓoye, gundura ce kawai, shi ya sa ba a tuna sunayensu.

Ya kamata a bambanta wannan da wasannin da aka gyara bayan fitowa, kamar No Man's Sky na 2016, ko Cyberpunk 2077 da Sony ta cire daga shagonta na PlayStation a Disamba 2020 ta mayar a Yuni 2021. Su wasan ne ya canza kafin ra'ayin mutane ya canza, kusoge kuwa yadda yake ake son sa.

Taruka

Masu tseren gama wasa da sauri suna daga cikin manyan masu riƙe da wannan al'ada, domin kuskuren da ke ɓata wa ɗan wasa rai, a wurinsu gajeriyar hanya ce. Taron Awesome Games Done Quick, da ake yi kowace Janairu a Amurka don tara wa gidauniyar Prevent Cancer kuɗi, yana ware wani sashe musamman na munanan wasanni. Desert Bus kuwa da gangan aka yi shi don gundura, a cikin wani tarin wasanni na masu siddabaru Penn da Teller da aka shirya a 1995 ba a fitar ba. Ana tuƙa bas ba fasinja daga Tucson zuwa Las Vegas, awa takwas cur, gudun bai wuce mil 45 a awa ba, sitiyarin yana ja dama don kada mutum ya saki hannu, ladan isa kuma maki ɗaya ne tak. Tun 2007 ƙungiyar barkwanci ta LoadingReadyRun da ke Kanada take buga shi kwana da kwanaki kowace shekara a gaban masu kallo ta intanet, kuma ta tara miliyoyin daloli ga Child's Play, ƙungiyar da ke kai wa yara marasa lafiya kayan wasa a asibitoci.