Sakacin abokin aiki ba ya wanke mai kamfani

Akwai masu ɗauka cewa idan lebura ya ji rauni saboda sakacin abokin aikinsa, to babu ruwan mai kamfani, sai dai su biyun su sasanta. Irin wannan ƙa'ida ta taɓa aiki a kotunan Ingila, amma majalisarsu ta soke ta tun 1948. A Kamaru, dokar 13 ga Yuli 1977 tana duba ko raunin ya faru ne a bakin aiki, ko da abokin aiki ne ya jawo shi. Wajibi ne mai kamfani ya sanar da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa (CNPS) cikin kwanakin aiki 3, domin a biya kuɗin magani da diyya, kuma cewa “ƙaddara ce” ba ta sauke masa wannan nauyi.