Tristan Harris: Mai Tsara Manhaja da Ya Ce a Daina Wawurar Hankalin Mutane

Wane ne Tristan Harris?

Ba'amurke ne da ya karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Stanford. Ya kafa wani ƙaramin kamfani mai suna Apture, Google ta saye shi a 2011, ta nan ya zama ma'aikacinta. A 2013 ya shirya wani jawabi mai shafi 141 ya tura wa abokan aikinsa, yana kira da a rage ɗauke wa jama'a hankali, a mutunta lokacinsu. Jawabin ya zaga kamfanin, har aka ɗora masa aikin nazarin ɗa'a a harkar tsara manhaja. Daga baya ya ajiye aikin, kuma a 2018 shi da Aza Raskin da Randima Fernando suka kafa cibiyar Center for Humane Technology.

Mene ne ainihin ƙorafinsa?

Hanyar samun kuɗi. Ba ka biyan Facebook ko YouTube ko TikTok ko sisi, masu talla ne ke biya. Iya daɗewarka a kan allo, iya yawan tallan da za a nuna maka. Saboda haka ana auna ƙwazon mai tsara manhaja da mintocin da ya iya riƙe ka, ba da amfanin da ka samu ba.

Harris yakan kwatanta waya da injin caca. Ka ja allo ƙasa da yatsa ba ka san abin da zai fito ba: wataƙila saƙon ɗan'uwa, wataƙila ba komai. Rashin tabbas ɗin ne ke dawo da mutum sau da yawa. Haka jan ɗigon sanarwa, haka bidiyon da ke kunna kansa kafin ka yanke shawarar kallonsa. Babu ɗaya a ciki da ya faɗo daga sama, mutane ne suka zauna suka tsara shi, suka gwada, suka ga yana aiki.

Ba laifin mai waya ba ne da ya kasa kame kansa?

Da nasa rabon, amma ƙarfin bai zo ɗaya ba. Mutum ɗaya ne a gajiye cikin dare, a ɗaya ɓangaren kuwa ga injiniyoyi da kwamfutocin da suka san abin da ya kalla jiya. Dubi abin da Aza Raskin ya ƙirƙira a 2006, wato shafin da ba ya ƙarewa. A da, in ka kai ƙarshen shafi sai ka danna kafin ka ga na gaba, kuma a wannan ɗan tsaikon ne mutum ke tuna cewa yana da abin yi. Raskin ya cire tsaikon da niyyar sauƙaƙa wa mutane, daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. Wannan labarin ya fi komai taɓa ni, domin ba mugunta ce ta kawo ɓarnar ba. Kyakkyawar niyya ce da ba ta tambayi kanta abin da zai biyo baya ba.

To, wace irin fasaha yake so a gina?

Wadda za a auna ta da ko mai amfani da ita ya ji lokacinsa bai tafi a banza ba. Sanarwa ta zo daga mutum, ba daga manhaja mai neman a buɗe ta ba. A bar wuraren tsayawa. Fita ta zama da sauƙi kamar shiga. A ganina wannan magana ce ta amana: wanda ya tsara abin da ke aljihun biliyoyin mutane, daga California har Kano, an damƙa masa abin da ba nasa ba.

An samu wani sauyi?

Kaɗan. A 2018 Apple ta fito da Screen Time, Google ta fito da Digital Wellbeing, masu nuna maka awannin da ka ɓata. Tarayyar Turai kuma, a dokarta ta ayyukan intanet da ta fara aiki gaba ɗaya a Fabrairun 2024, ta haramta wa dandamali tsara shafi ta hanyar da za ta yaudari mutum. Dokar ta fi nauyi a wurina, domin agogon ƙidaya yana mayar da ɗawainiyar kan mai waya ne, kasuwar talla kuwa tana nan yadda take.

Akwai masu sukar sa?

Akwai, kuma ba su rasa hujja ba. Wasu na ganin yana zuzuta ƙarfin manhajoji, kamar ɗan Adam ba shi da zaɓi. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun bincika bayanan dubun dubatar matasa, suka gano alaƙar amfani da na'urori da lafiyar tunaninsu ƙarama ce ƙwarai. Sai dai binciken ya duba yawan amfani ne gaba ɗaya, bai ware shafi marar ƙarshe ko bidiyo mai kunna kansa ya auna su ɗaya bayan ɗaya ba, alhali a kansu Harris ya fi kafa hujjarsa.